Noman tumatir a Ƙaraye da Rogo: An sauya jigo, ba a sauya kwando ba

A duk shekara, daga watan Janairu zuwa Afrilu, motoci maƙare da kwandunan tumatir kan tashi daga jihar Kano su nufi kasuwannin kudancin Nijeriya, amma wani kaso mai yawa na kayan ba ya isa tukunyar kowa.

Wani rahoto da kamfanin PwC ya fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na tumatirin da ake nomawa a ƙasar yana lalacewa ne bayan an tsinke shi. Rahoton ya ce a 2016 Nijeriya ta noma tan miliyan 2.3, duk da haka tana kashe kimanin dala miliyan 360 a shekara wajen shigo da tumatirin gwangwani da na leda daga waje.

Wanda ke son fahimtar yadda hakan ke faruwa sai ya dubi kayan aikin manomi ɗaya bayan ɗaya, tun daga bakin ruwa har zuwa bayan mota.

A ƙasar Ƙaraye da Rogo, ƙananan hukumomi biyu da ke ƙarƙashin masarautar Ƙaraye tun daga 2024, za a tarar cewa kayan da ke kai ruwa gona sun sauya sau biyu ko uku cikin shekaru arba'in. Kayan da ke fitar da amfanin daga gona kuwa suna nan kusan yadda kakanni suka bar su.

Ga ruwa, sai an ɗaga shi

Madatsar ruwa ta Challawa tana cikin ƙaramar hukumar Ƙaraye, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano. Kamfanin Julius Berger ne ya gina ta tsakanin 1990 da 1992. Tsayinta mita 42, tsawonta ya kusa kilomita 8, kuma tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita.

Sai dai akwai bambanci babba tsakanin wannan yanki da na Kadawa, Kura da Bunkure, inda sunan tumatirin Kano ya fi fita. A can, ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana gangarowa ne da kansa ta magudanan da aka gina, ya bi dubban hektoci. Manomi ya buɗe hanya kawai, ruwa ya shiga komayensa.

A Ƙaraye da Rogo babu magudanai masu wannan yawa. Manomin rani a mazaɓa irin Unguwar Hajji, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Ƙaraye, ko a ƙauyukan Rogo da ke maƙwabtaka da jihohin Kaduna da Katsina, ya dogara ne da fadama, ko rafi, ko bakin tafki, ko rijiya. A kowanne daga cikinsu ruwan yana ƙasa, gonar tana sama. Duk ɗigon da zai kai gindin tumatir sai wani abu ya ɗaga shi.

Shekaru aru-aru, jigo ne ke wannan aiki: doguwar sanda a kan gwafa, guga a gefe ɗaya, curin laka ko dutse a ɗaya gefen. Jigo ba ya cin ko kwabo na mai, amma yana cin ƙarfin mutum, kuma abin da magidanci zai iya shayarwa da shi bai wuce ɗan lambu ba. Shi ya sa a wancan zamani tumatir ya kasance kayan miyar gida da na kasuwar ƙauye.

Canji ya zo ne a shekarun 1980, lokacin da hukumomin raya aikin gona na jihohi, irin su KNARDA a Kano, suka fara yaɗa ƙananan injinan ban ruwa masu amfani da fetur, tare da wata dabara mai sauƙi ta haƙa rijiya. Ana kafa bututu a ƙasa mai yashi, a tura ruwa da ƙarfi ta cikinsa, ruwan yana wanke yashin, bututun yana nitsewa har ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Aikin yini guda ne.

Daga 1993 zuwa 1999 shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 67.5 dominsa, ya faɗaɗa wannan tsari a Kano da wasu jihohin arewa. Injinan farko na kamfanonin Japan ne, irin su Honda da Robin. Daga baya na China masu rahusa suka cika kasuwa, har mai ƙaramin ƙarfi ya mallaki nasa.

Da inji mai bakin inci biyu ko uku, da 'yan sandunan bututun roba da mesa, mutum ɗaya kan shayar da hekta guda ko fiye. Wannan inji ne ya mayar da tumatir hajar da ake cika tirela da ita.

Amma yana da iyaka. Irin wannan inji zuƙo ruwa yake yi, kuma ba ya iya zuƙowa daga zurfin da ya wuce mita bakwai zuwa takwas. Idan rani ya yi nisa, ruwan rijiya ya yi ƙasa, manomi kan haƙa rami ya saukar da injin ciki don ya matso kusa da ruwan. Na bakin tafki kuwa, kullum ruwa yana ja da baya, shi yana binsa da inji a ka, yana ƙara mesa. Kowane ƙarin tazara ƙarin mai ne.

Abin da cire tallafin mai ya jawo

A ranar 29 ga watan Mayun 2023 shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama.

A birni an fi jin zafin abin a kuɗin mota. A lambu kuwa, ya shafi tushen sana'ar ne. Tumatir na buƙatar ban ruwa duk bayan 'yan kwanaki har tsawon wata huɗu ko biyar, kuma idan aka yi masa wasa da ruwa lokacin da yake fure ko yake ɗaura 'ya'ya, furen ya zube, 'ya'yan su tsage ko gindinsu ya yi baƙi. Mai shago zai iya kashe janareto ya jira wutar lantarki ta dawo, amma manomin tumatir ba shi da wannan zaɓi.

Mafita ta farko daga hannun bakanikai ta fito. Aka fara sauya wa injinan kabureta domin su yi aiki da iskar gas ta girki, har ganin tukunyar gas a gefen inji a bakin rafi ya daina zama abin mamaki a Kano da Jigawa. Dabarar ta rage kashe kuɗi, ko da yake ita ma gas ɗin farashinta bai tsaya wuri ɗaya ba, ga kuma hatsarin tukunya da tiyon da ke yini a cikin rana kusa da inji mai zafi.

Mafita ta biyu ita ce injin da ke aiki da hasken rana. Shi ba ruwansa da gidan mai, kuma wani nau'insa ana zura shi ne cikin rijiyar, saboda haka matsalar zurfi ba ta dame shi ba. Cikas ɗinsa uku ne. Kuɗin sayensa tashi ɗaya ya ninka na mai fetur sau da yawa. Ruwansa a hankali yake zuwa, abin da bai dace sosai da salon cika komi da ruwa a toshe a wuce na gaba ba. Sannan hazon hunturu, wanda ke zuwa daidai lokacin da tumatir ke tasowa, yana rage ƙarfin farantan. Ban da haka, faranti abu ne mai sauƙin ɗauka, don haka ko dai a riƙa kwashe su zuwa gida kowace yamma, ko wani ya kwana a bukkar gona.

Masana ban ruwa sun daɗe suna cewa abokin tafiyar injin sola shi ne tanki a bisa da siraran bututu masu ɗiga ruwa a gindin kowace shuka. Wannan kuma wani jarin ne dabam, wanda manomin da ke aron fili na rani ɗaya ba zai zuba ba.

Shanu, jaki da fartanya

Wajen gyaran ƙasa, tarakta ba ta da rinjaye. Filayen fadama ƙanana ne, gado ya rarraba su, ga hanyoyi marasa kyau, ga kuma layin jiran haya. Shanun huɗa ne suka fi shiga ko'ina.

Turawan mulkin mallaka ne suka fara yaɗa garmar shanu a arewacin Nijeriya daga 1928, da nufin bunƙasa noman gyaɗa da auduga. Ta daɗe da zama 'yar gida. Bijimai biyu suna yi wa mai su aiki huɗu: su yi huɗa, su ja amalanke da taki zuwa gona, su kwaso kwanduna zuwa bakin titi, kashinsu kuma ya koma ƙasa. Bayan 'yan shekaru a sayar da su da ƙiba, a sayi ƙanana, a riƙe canji. Babu taraktar da darajarta ke ƙaruwa da aiki haka. Abin da ya rage wa mutane sha'awar ajiye su a sassa da dama na arewa maso yamma shi ne satar shanu.

Jaki da mangalarsa ya ja baya, babur da a-kori-kura sun karɓe masa aiki. Cinikin fatarsa zuwa China ya kuma sa ya yi tsada, har ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da haramta yanka jakuna don fatarsu a watan Fabrairun 2024.

Dabba ba kullum take taimako ba. Da rani, lambu ne kaɗai kore a daji, kuma yana zaune ne a kan hanyar da garke ke bi zuwa mashaya. Shingen ƙaya ko na kara da ake gani kewaye da gonar tumatir shaida ce ta wannan takun saƙa, wanda kan kai ga zaman sulhu a gaban mai unguwa ko dagaci, wani lokaci ya wuce nan.

Sauran aikin duk na hannu ne. Da garma ake tayar da komaye da hanyoyin ruwa, da fartanya ake noma ciyawa. Ana renon iri a ɗan fili kusa da ruwa wajen ƙarshen damina, a lulluɓe shi da ciyawa, bayan mako huɗu ko biyar a cire a dasa. Irin da manoma ke kira UTC, da kuma Roma, sun samu karɓuwa ne saboda 'ya'yansu na da tauri, suna jure wahalar hanya. Ma'ana, tun a wajen zaɓen iri manomi yana tunanin kwando da mota ne kafin ya yi tunanin yawan amfani.

Injin feshi da 'Sharon'

Bayan injin ban ruwa, babu abin da manomin tumatir ke ji da shi kamar injin feshi na goyo. Shekarar 2016 ce ta nuna iyakarsa.

A wannan shekara wata tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda manoman Kano suka laƙaba wa suna Sharon, ta cinye gonaki a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a Spain a 2006, daga nan ta gangaro Afirka. A watan Mayun 2016 gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, farashin kwando kuma ya ninka sau da dama a faɗin ƙasar.

Tsutsar tana shiga ne tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa tana ci daga ciki, inda feshi ba ya taɓa ta sosai. Tana hayayyafa da sauri idan zafi ya shigo, kuma tana saurin sabawa da magani. Manomin da ya ga magani bai ci ba yakan ƙara yawansa ko ya gauraya iri biyu ko uku, sau da yawa ba safar hannu ba abin rufe hanci. Ƙwarin su ƙara tauri, mai feshin da mai cin miyar su kwashi ragowar.

Masu bincike a cibiyoyi irin su NIHORT, mai reshe a Bagauda, suna ba da shawarar tarko mai ƙamshin da ke jan namijin ƙwaron, da sauya nau'in magani, da ƙone ragowar shuka bayan girbi. Tarkon ba shi da tsada idan aka kwatanta da jarkokin maganin da ake zubawa, amma amfaninsa sai maƙwabta sun yi tare. Annobar ta sake dawowa da ƙarfi a Kano a 2023.

Kwando

Da zarar an tsinke tumatir, sai labarin sauye-sauye ya tsaya.

Kwandon da ake zuba shi a ciki yawanci daga kudu maso gabashin ƙasar ake saƙo shi, a ɗoro a mota zuwa arewa. Babba yakan ɗauki kilo 50 ko fiye. Gindinsa a tsuke yake, bakinsa a buɗe, don haka nauyin na sama duka yana sauka ne a kan 'yan ƙwayoyin da ke ƙasa. Tsinin saƙarsa yana huda fatar tumatir, ruwan da ya tsiyaya ya jiƙa na kusa, ruɓa ta kama. A cikin mota ana jera kwanduna hawa-hawa, a raba su da katako ko sanduna, a kama tafiyar kusan kilomita dubu zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas, cikin zafi da ramuka da shingayen karɓar kuɗi. Mota ta lalace a hanya kwana ɗaya, an tashi daga riba an koma neman uwar kuɗi.

Maganin wannan sananne ne, kuma ba wata fasaha ce mai wuya ba. Akwatin roba mai huda-huda, wanda ke ɗaukar kilo 25, an ƙera shi ne yadda idan aka ɗora wani a kan wani nauyin zai sauka a kan kusurwoyin akwatin, tumatirin ya tsira. Shirin GEMS4, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, ya yi ta tallata shi a Kano da Kaduna da Legas a tsakiyar shekarun 2010.

Abin da ya hana shi kore kwando ba jahilci ba ne, kamar yadda wasu jami'ai kan yi saurin cewa. Lissafi ne. Kwando mai arha ne, tafiya ɗaya yake yi, ba wanda ke jiran dawowarsa. Akwatin roba kuwa dukiya ce, dole ya dawo arewa fanko, kuma dole a san wanda zai biya idan ya ɓata a Legas ko Fatakwal. Manomin Rogo da ya sayar wa dillali a bakin gona ba shi da hanyar bin sawun akwatinsa.

Sannan kwando ma'auni ne. Da shi ake ciniki, ba da sikeli ba, kuma mai saye yana da ta cewa a kan yadda za a yi masa tozo. Akwatin da bakinsa ke daidai yana toshe wannan kafa, saboda haka ba kowa ne a kasuwa ke marhabin da shi ba. Inda ya samu shiga, an samu wani ne a tsakiya da ya mallaki akwatunan yana ba da su haya, yana kuma da wakili a kasuwannin biyu.

Gine-ginen da babu

Manomin hatsi yana da rumbu. Idan farashi bai yi masa ba, ya rufe ya jira bazara. Manomin tumatir ba shi da kwatankwacin haka. Ginin da ke gonarsa bai wuce bukkar gadi da rumfar kara da ake tara kwanduna a inuwarta ba.

An ga illar hakan ƙarara a ƙarshen watan Fabrairun 2021, lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Yajin bai wuce kimanin mako guda ba, amma ya faɗo a tsakiyar kakar tumatir. Farashi ya yi tashin gwauron zabo a Legas, a arewa kuma ya faɗi warwas.

Hanyar adanawa da kowa ya sani ita ce kauɗa: a yanka tumatir a shanya a kan dutse, ko tabarma, ko ƙasa, ko gefen kwalta, rana ta busar da shi. Mata da yara ne suka fi yin aikin, kuma yana ceto abin da da zubarwa za a yi. Matsalarsa ƙura da yashi da dabbobin da ke bi ta kai, waɗanda ke rage masa daraja. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI, mai ofishi a Kano, ta ƙera rumfar shanya ta leda mai haske wadda ke tara zafin rana ta kuma tsare ƙura. Irin wannan rumfa ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ƙungiya.

Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000. Tana tsawaita kwanan kayan miya, amma ta gida ce, ba ta mai kwando ɗari ba. Ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, irin waɗanda kamfanin ColdHubs ya fara kafawa daga 2015, sun fi yawa a kasuwannin birane, nesa da inda ake tsinkar.

Ginin da aka fi sa wa rai shi ne masana'anta. A watan Maris na 2016 kamfanin Dangote ya buɗe tasa a Kadawa, mai iya markaɗa tan 1,200 na ɗanyen tumatir a rana. Ba a jima ba Sharon ta sa aka rufe ta. A 2017 gwamnatin tarayya ta ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir zuwa kashi 50 cikin ɗari, da ƙarin dala 1,500 a kan kowane tan, domin kare masu sarrafawa a cikin gida. An sake buɗe masana'antar a 2019, kamfanin ya kuma gina katafaren ɗakin renon dashe a kusa da ita. Duk da haka, a 2021 an ba da rahoton cewa kashi 20 cikin ɗari kawai na ƙarfinta take aiki.

Dalilin yana komawa ne gona. Masana'anta na buƙatar tumatir mai yawa, mai arha, a kan kari. Manomin da rahoton PwC ya ce yana samun tan biyar da ɗoriya a hekta, alhali matsakaicin abin da ake samu a duniya ya haura tan 38, ba zai iya sayarwa da arha ya fita ba. Idan kasuwa ta cika ya nufi ƙofar masana'anta, idan kaya ya yi ƙaranci ya nufi dillalan Kwanar Gafan ko 'Yankaba, inda farashi ya fi.

Ga manomin Unguwar Hajji akwai ƙarin nisa a kan wannan lissafi. Kadawa na kan hanyar Kano zuwa Zariya, shi kuma yana can yamma. Kafin kayansa su kai kowace masana'anta ko babbar kasuwa, sai sun hau amalanke ko babur zuwa bakin titi, sannan a sake loda su a wata motar, kuma a kowane sauke-da-ɗauka kwandon nan ne dai ke riƙe da su.